Rasuwar Madubi, Bayan Wata Bakwai Yana Kiran Wanda Ba Ya Nan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma gadon bayan da ya gaji da sunkuyo, nake sanar da ma'aikatan wannan ofis na safiyo mai awon filaye, manya da ƙanana, rasuwar abokin aikinmu Madubi. Ya cika ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, a ƙaramin ɗakin da ke bayan matakala, yana da shekara goma sha ɗaya a duniya. Ina kansa lokacin da ya cika, kuma ni ne na danna maɓallin.

Na san da yawanku ba ku san shi ba, duk da kun ci arzikinsa kowace safiya. Marigayin ba ƙarfe ba ne da za a nuna da yatsa. Tsari ne na manhaja da ke zaune a cikin sabarmu, wato babbar kwamfutar nan mai riƙe da taswirorin filaye da gonakin jama'a. A cikin sabar akwai faifai biyu na ajiya, aikin Madubi kuwa ɗaya ne tak: duk abin da aka rubuta a kan wannan, ya rubuta shi a kan wancan nan take, domin in ɗaya ya kwanta, ɗan'uwansa ya riƙe gida. Maigidana a wannan sana'a, wanda kuka sani da Baban Inji, shi ya kafa shi. Shi ne kuma ya yanki salatif ya manna a jikin faifan nan biyu, ya rubuta wa na sama Yaya, na ƙasa Ƙane, saboda wata huɗu ne tsakanin sayensu.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa shiga taron ma'aikata ya ɗaga hannu ba, wanda a ganina wannan kaɗai ya isa a yaba masa. An ɗauke masa wuta a tsakiyar aiki sau ba adadi, ya farfaɗo, ya zauna yana daidaita Yaya da Ƙane har la'asar ba tare da ya ce uffan ba. Duk wata za a ji shi ya ɗan yi nauyi yana duba kansa, ku kuma ku yi ta buga mini waya wai taswira ta ƙi buɗewa. Na yafe muku a madadinsa.

Muryarsa biyu ce. In yana rubutu, Yaya kan ce gurr-gurr daga can ƙasan maƙoshi, Ƙane ya amsa da ƙas-ƙas-ƙas cikin rawar jiki. Baban Inji ne ya koya mini jin su. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin faifai, ya manna mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. Kafin ya zare kowane faifai daga kowace kwamfuta sai ya yi haka, wai sallama ce. Mu dai dariya muke masa, muna ce masa likitan ƙarfe.

Game da jinyarsa, dole in tsaya in yi bayani, ko da ba a saba tsawaita wannan a sanarwar rasuwa ba.

Wata tara da suka wuce Baba ya yi ritaya, idanunsa sun gaji. Ranar da ya miƙa mini makullin ɗakin ya ce, "Ɗana, abu ɗaya zan bar maka. In Madubi ya ji ciwo, wasiƙar imel yake aikowa, kuma adireshina ya sani. Ka canza shi zuwa naka." Na ce to, Baba, gobe in sha Allah. Goben nan kuwa sai ga firintar bene ta cinye takarda, jibi wani ya manta kalmar sirrinsa karo na uku, gata aka ce in zo in duba abin da ya sa fankar ofishin Manaja ke ƙara, ni da ban san komai a fanka ba. Haka goben ta yi ta tafiya.

Ba a jima ba rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo a kan tsofaffin taswirorin takarda, fumfuna ya kama su. Gwaggon Taswira, wadda ta fi kowa daɗewa a wannan ofis, ta ɗaura takunkumi ta zauna gaban sikana tana ɗaukar hotonsu zuwa cikin saba ɗaya bayan ɗaya tana tari. Duk wadda ta ɗauka sai a jefa ta a buhu, ran Juma'a masu shara su kai a ƙone, don kada ta shafa wa sauran. Taswira dubu huɗu da ɗoriya, kowace iyakar gonar wani ce ko filin marayun wani. Kowace Juma'a, kafin ta bari a ɗaga buhun, sai ta leƙo ɗakina ta ce, "Ɗana, ka tabbata abin nan wuri biyu yake zaune?" Ni kuma, ko kai ban cika ɗagawa ba, sai in ce, "Wuri biyu, Gwaggo. Ki kwantar da hankalinki." A ƙarshen kowane wata kuma akwai fom da nake cike wa Manaja, mai layin da ke tambayar lafiyar faifai. Lafiya lau nake rubutawa, domin sabar tana aiki kuma babu wanda ya yi kuka.

Sai aka yanke shawarar mu koma kan kati. Wannan katin, da masu sana'a ke kira RAID, ƙarfe ne da ake sokawa a cikin saba ya karɓi aikin da Madubi ke yi, da sauri kuma ba tare da ya dami kwamfutar ba. Aibinsa ɗaya: duk faifan da aka ba shi, sai ya share shi tas kafin ya karɓe shi. An sayo katin da sabon faifai guda ɗaya, aka ce sauran mu yi dabara. Dabarar kuwa mai sauƙi ce a takarda. Tunda Yaya da Ƙane abu ɗaya ke cikinsu, sai in zare ɗaya in haɗa shi da sabon a ba kati ya share, sannan in kwafo komai daga wanda ya rage. Na zaɓi in ba shi Ƙane, tunda shi ya fi ƙuruciya.

Asabar ta farko na zo da safe, ofis ba kowa. Na buɗe murfin sabar tana kunne, na sa a kwafi wani babban fayil don in ga komai na tafiya kafin in kashe. Ina shirin kashewa sai idona ya faɗa kan sukundireban Baba a cikin durowa. Wallahi ba don hankali na ɗauke shi ba, kwaikwayonsa kawai na yi niyyar yi, ina murmushi ni kaɗai. Na ɗora a jikin Ƙane: ƙas-ƙas-ƙas, yana ta fama. Na ɗora a jikin Yaya. Yana juyawa, da ɗuminsa, amma babu gurr-gurr. Na canza kunne. Shiru.

Na buɗe tsohon akwatin imel na Baba, wanda ni ne ya kamata in rufe ban rufe ba. Wasiƙa ɗari biyu da goma sha uku na samu a jere, kowace safiya guda, ƙarfe shida da minti ashirin da biyar, duk magana ɗaya: faifai ɗaya ya faɗi, saura ɗaya. Wata bakwai ke nan Yaya ya daina karɓar rubutu, Ƙane na ɗauke da ofis ɗin nan shi kaɗai. Duk abin da Gwaggo ta ɗauka a jikinsa yake, ba ya ko'ina kuma, takardun sun zama toka. Shi ne faifan da na zo in miƙa a share. Na zauna a ƙasa a kan tayil.

Na buga wa Baba waya na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ka canza adireshin?"

Na ce, "Ban canza ba, Baba."

"To. Wa ka yi wa ƙarya?"

"Manaja, a fom."

Ya ce, "Fom takarda ce, ɗana. Wa ya zubar da abinsa a kan maganarka?" Daga nan ya tambaye ni lafiyar iyali, ya kashe.

Ran Litinin na ce wa Manaja a ƙaro faifai guda don a fi samun natsuwa, ban ce masa komai bayan haka ba. Sai ran Juma'a ya iso. A makon nan Madubi ya aiko wasiƙa bakwai, wannan karon zuwa gare ni, kuma na karanta kowace har ƙarshe, ko da na san abin da ke ciki. Asabar ta biyu kati ya karɓi sababbin faifai biyu, na kwafe komai daga Ƙane, na ƙirga taswirorin Gwaggo sau biyu suka cika. Sannan na tsayar da Madubi. Bai yi wata ƙara ba.

Marigayin ya bar Ƙane, da taswira dubu goma sha tara, da Baban Inji wanda ya raine shi, da ni. Magajinsa kati ba ya rubuta wasiƙa. In ya ji ciwo ihu yake yi, tiii, har mai gadi ya ji daga ƙofa. Na gwada shi, kuma ina ganin irin wanda ya dace da ni ke nan.

Za a yi jana'iza yau Litinin ƙarfe goma na safe a ɗakin bayan matakala. Za a sa Yaya a durowar ƙasa da salatif ɗinsa a jiki. Ƙane ba za a share shi ba, za a ajiye shi a kabad yadda yake, ya huta. Ɗakin ba ya ɗaukar fiye da mutum uku, don haka a shigo bi da bi, kuma don Allah kada kowa ya zo mini da maganar firinta. Manaja, fom bakwai da ke cikin fayil ɗinka masu cewa lafiya lau, sa hannuna ne a kai, ina nan in ka gama karantawa.

Gwaggo, na san ke za ki fara ganin wannan takarda a allo, tunda kin riga kowa zuwa. Duk Juma'ar da kika tambaye ni, wuri ɗaya abin yake, ban duba ba na amsa miki. Ki yafe mini. Yau yana wuri uku, amma kada ki karɓa daga bakina. Na bar murfin sabar a buɗe, sukundireban Baba na kan tebur. Ki zo ki ɗora kunnenki.