Yadda Ake Gyara Motar Tsere Ba a Kwance Noti Ko Ɗaya Ba

Kai makanike, matso. In ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin direbanka zai riƙa yabonka har gaban surukansa. Dattijo Orval ya shekara shida yana wa 'yarsa Twila haka a filin tsere na jar ƙasa da ke bayan kasuwar shanun garinmu, kuma a wurinsa na koya.

1. Haɗe rai kafin a gama ƙorafi.
Direba bai taɓa laifi ba, kullum mota ce. Twila za ta cire hular kwano ta ce, "Baba, ƙugun motar nan sai rawa yake a kwana." Orval sai ya kurɓi kofi, ya dubi sama, ya ce, "Uhm. Na ji a jikina." Bai ji komai ba, lokacin tseren masara yake ci.

2. Ɗora laifi kan abin da ba a gani.
Akwai sandar ƙarfe da ta gicciya ta riƙe aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, don kada ya zame gefe. Akwai jerin huda daga sama zuwa ƙasa da ake ɗaure ta da noti a ciki, kuma hudar da take ke nuna cibiyar da mota ke karkata a kanta. Cibiyar nan a iska take, ba wanda ya taɓa ganinta, saboda haka ba mai ƙaryata ka. Ka ce, "Cibiya ta hau, sai an sauke sanda."

3. Shiga ƙarƙashi, ka yi ƙara.
Ka kwankwashi ƙarfe da sufana, ƙwang-ƙwang, minti goma cif. Ka yi nishi, ka zagi noti da kakansa. Kada ka juya komai. Ka fito da baƙin mai a goshi ka ce, "Huda ɗaya na sauke. Je ki cinye su."

4. Rufa bargo.
Maƙwabcinka Duane zai zo wai aron jak, idonsa na ƙarƙashin motarka. Lulluɓe bayan motar da tsohon bargo. Sirrin da babu shi ya fi kowane sirri hana maƙwabci sukuni.

5. Kada ka kuskura ka yi gyaran gaske.
Nan malamina ya zame. Wata Asabar ya ji Duane na ce wa Twila ta sallami tsohon, ta ɗauko injiniya mai kwamfuta. Orval ya ƙudura sai ya nuna ya iya, don in aka raba shi da motar nan ba shi da inda zai sa kansa. Ya shige ƙarƙashi, ya kwance notin da gaske, ya sauke sandar huda biyu. Ko ƙwang ɗaya bai yi ba, minti uku ya fito.

Motar ta ƙi shan kwana, sai neman katanga take da hanci. Twila ta zo ta bakwai. Saura zagaye guda na neman shiga tseren ƙarshe.

Ta fito tana huci. "Baba, wa ya taɓa min mota?"

"Ai kullum ina taɓa ta, 'yar nan."

"Haba Baba! Shekara shida ina kallon tsatsar notin nan, ko gezau bai yi ba. Ka ɗauka makauniya ce ni?"

Kunya ta kama Orval, ya rasa inda zai ajiye sufanar. "To me kika ajiye ni kike yi da ni?"

Ta miƙa masa hannuwanta, suna ta karkarwa. "Ƙwang-ƙwang ɗin nan naka nake saurare har su daina wannan. Yau ba ka yi min ba. Mayar da sandata inda take, sannan ka ba ni minti gomana."

Ya shiga, ya mayar, ya yi ta bugu yana share ido da hannun riga. Shi ya sa ranar baƙin man ya sauko har kumatu.

Gargaɗi.
In direbanka ya sumbaci katanga, ban san ka ba, ba ka san ni ba. In kuma ya gano ka bai kore ka ba, wannan ba ya cikin darasina. Ka ci gaba da bugu kawai.