Ranar da na ware 'yan ajina kamar albasa

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na shirya burge baƙuwa, Allah Ya nuna mini iyakata ba.

Ina koyarwa a wata firamare kusa da Dinawa. Aka tura ni bitar kwana biyu a Sakkwato kan yaran da ke fama da rashin natsuwa, na dawo da takarda ɗaya da girman kai buhu guda. An ce mana matsalar iri uku ce: mai tafiyar hankali, mai ƙiriniya, da mai haɗa biyun. (An kuma ce likita ne ke tantancewa, amma lokacin ina waje ina amsa waya.)

Ni ɗan manoman albasa ne, ware kaya a jinina yake. Na raba ajina layi uku. Hadiza mai kallon taga ta shugabanci layin farko, Bello da ba ya iya zama ya riƙe na biyu.

Bayan wata huɗu aka ce Malama Rifkatu, jami'ar lafiya, za ta zo zaɓen malamin da zai wayar da kan sauran malamai har Rabah da Goronyo. Na gaya wa matata an gama, ni ne. Har sabuwar riga na ɗinka.

Ranar Talatar, Malama Rifkatu ta shigo tare da hedimasta, tsohon da ya koyar da ni ina yaro. Na nuna layin farko ina taƙama: "Waɗannan shiru gare su." Sai ga Hadiza bisa benci tana tsalle. Bello kuwa ya yi tagumi yana kallon ƙadangare.

Baƙuwar ta ce, "Malam, ko a asibiti, yaron da aka sa a kaso ɗaya bana, baɗi sai a same shi a wani. Masana kansu na jayayya kan rabon nan. Wa ya duba su?"

Na ce ni, muryata kamar ta aro.

Hedimasta ya gyara hula. "Mi kaka faɗi, ɗana? Kai da kanka, aji biyu bisa tebur kaka wuni, aji biyar sai an jefe ka da alli ka ji kira. Wane layi za mu aje ka?"

Sai Hadiza ta matsa gefe a kan bencinta. "Malam, ga wuri."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Aikin ya tafi ga wani, rigar kuma na sa ta wajen sunan maƙwabci. Na dai koyi cewa albasa ce ke zama inda aka ware ta. Yanzu a ajina kowa na zama inda yake ganin allo.