Shehun Ganye da Kirfar Argungu

Da daminar 1978 Hure mai magani ta fara ganin Malam Arzika Dankure, kuma a gaskiya Argungu ba ta taɓa saukar masani kamarsa ba. Mako shida cur ya yi yana kwas a Ibadan. Ya dawo ofishin gandun daji na Birnin Kebbi da tabarau da littafi mai nauyin turmi, ya daina kiran kowane itace da sunan da uwarsa ta koya masa. Masinjoji suka laƙaba masa Shehun Ganye. Ya ɗauka sarauta ce.

Da ya zo rangadi Argungu, a bakin gulbi ya tarar da wani itace duk an sassaƙe ɓawonsa. Ya buɗe littafi. Ga hoton mutanen tsibirin Silon suna sassaƙar itacen kirfa. Littafin ya ce a murza ganye a shinshina kafin a yanke hukunci, amma wannan aikin ƙananan ma'aikata ne.

"Cinnamomum!" in ji shi. "Kirfa ce. Daga Sakkwato har Yawuri ba wanda ya gano ta sai ni."

Hure, wadda ta shekara ashirin tana ci da 'ya'yanta daga ɓawon nan, ta ce, "Yallaɓai, wanga icce madaci na."

"Inna, aji nawa kika yi a Latin?"

Ya sa aka kewaye itacen da waya, aka kafa allo da sunansa a ƙasa, baƙaƙen sunan sun fi na itacen girma. Masu ciwon ciki suka riƙa komawa gida hannu banza. Shehu kuwa ya rubuta wa babban darekta takarda, yana hango kujerar da za a ba shi a Sakkwato.

Darekta ya zo. Shehu ya yi jawabin minti arba'in, sannan ya miƙa masa shayin ɓawon da hannunsa. Darekta ya kurɓa, ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba.

"Allah shi jiƙan kakata," in ji shi. "Wanga ta ka ɗura muna in mun sha ɗanyen mangwaro."

Aka mai da Shehu Ambursa ƙirgar dashen dogon yaro. Kafin ya tafi, ya cire wayar da kansa, ya jingine allon a ƙofar Hure, bai yi sallama ba. Katako ne mai kyau. Da shi take rufe tukunyar jiƙon madaci, sunan Shehu yana kallon ƙasa.