Bandejin da Na Yi wa Maɓalli

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da sana'ata ta tona mini asiri a tashar Wadata, a gaban jama'ar da ta fi ta sallar Juma'ar garinmu yawa. Har gobe in na tuna sai kunnuwana su yi zafi.

Zamanin mulkin soja ne, shekarun da sama ta hana ruwa. Fari ya koro ni daga ƙauyenmu da ke bayan Dogon Dutsi, na iso Yamai da keken ɗinkina a ka. Na bar Inna, na bar maiɗakina Ramatu da cikin wata shida. Shekara uku ban koma ba. In je in yi me, in ƙara musu baki a kan tukunyar da ba ta cika? Abin da na samu sai in sayi hatsi in ba Malam Illa, direban da ke bin hanyarmu, ya kai musu. A bakinsa ma na ji labarin haihuwa: ɗiya mace, an sa mata sunan Inna, ana ce mata Ummi.

Kaɗaici kam na sha shi har na ƙoshi. Maƙwabtana Zabarmawa ne, mutanen kirki, amma Zabarmancina daga gaisuwar "fofo" ya ƙare. Ran salla kowa ya sa kayan da na ɗinka masa ya nufi gidan dangi, ni kuwa in zauna a rumfa ina tsince ƙyallaye. Da ƙyallayen nan nake ɗinka wa Ummi riga, duk bayan 'yan watanni guda, ina ƙara faɗi da ka. (Ban taɓa auna ta ba. 'Ya'yan mutane nake bi da kallo a kasuwa, ina cewa yanzu ta kai wannan.) Ko ɗaya ban aika ba, so nake in sa mata da hannuna.

Wata rana Malam Illa ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Tela, Inna ta ce in gaya maka yarinya ta yi baki. Amma fa duk namijin da ya shiga gidan Baba take ce masa, har mai tallar gishiri."

Ya yi dariya, na taya shi. Yana juya baya na fara ɗaure kaya.

To, sai ga annobar amai da gudawa ta shigo gari. Hukuma ta ce ba mai shiga mota sai an yi masa rigakafi. Kuma ba allurar lokotoro, wato likita, da muka sani ba, wata aba ce kamar bindiga da ake ce wa pistole, a taka ta da ƙafa, a ɗora maka a dantse, tas! Ni kuwa da allura nake wuni, amma in aka ce jikina za ta shiga sai in nemi hanyar gudu. Balle bindiga, a lokacin da ko tarin soja ka ji sai ka gyara tsayuwa.

Wani da ya kawo ɗinki ya ce mini jama'a ta yi yawa, ba a ba da takarda, dantse kawai sojoji ke dubawa. Nan shaiɗan ya ba ni shawara in ɗaura bandeji a dantse kamar an yi mini, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Na yanki farin alawayyo, na cusa auduga, na ɗiga jan magani. Da a nan na tsaya, ƙila da na sha. Amma ina! Hannun tela ba ya ganin bakin yadi yana warwarewa ya ƙyale. Na yi masa kalmasa layi biyu, na goge shi da dutsen guga. (Allah Ya yafe mini, har ɗan maɓalli na sa masa don kada ya zame.)

A tasha kowa ya naɗe hannun riga. Sai na lura ɗan jan tabo ne kawai a dantsen mutane, ba mai ko ƙyalle. Ni kaɗai ne da ado.

"Kai, mene ne wannan?" in ji sojan da ke duba layi.

"Pikiri ne, wurin allurar ke nan, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira matar da ke riƙe da pistole. "Madam, zo ki ga ikon Allah."

Madam ta zo, ta ɓalle maɓallin a hankali, ta ɗaga bandejin sama yadda na ƙarshen layi zai gani. "Jama'a, wane lopital ne, wane asibiti ne ke yin wannan? Wallahi ya fi ɗinkin rigata kyau!" Tasha ta ɗauki dariya, har 'yan dako suka sauke kaya suka matso. Ga dantsena sumul, ko cizon sauro babu.

Soja ya ce wanda ya yi ƙarya a dantse ba a san abin da ke jakarsa ba. Ya zazzage ta a ƙasa. Sai ga 'yan riguna takwas, daga mai faɗin tafin hannu zuwa ta mai shekara uku.

"'Ya'yanka nawa?" in ji Madam.

"Ɗaya ce. Ban taɓa ganinta ba."

Dariyar ta mutu. Ta durƙusa ta tattara rigunan, ta kakkaɓe su, ta ce, "To, tela, riga za ka kai mata ko ciwo?"

Na miƙa hannu, na rufe ido, na kama kalmar shahada da ƙarfi, na bi ta da "Wayyo Inna!" har sau uku. Sai na ji Madam tana cewa, "Buɗe idonka, bawan Allah, an gama tun ɗazu." Wata tsohuwa a bayana ta ce akuyarta ma ba ta yi wannan ihun ba ranar da ta haihu.

Na isa gida na tarar da Inna ta rame, Ramatu ta kau da kai tana share ido da bakin mayafi. Ummi kuwa ta ɓuya a bayan uwarta. Yarinyar da ke ce wa mai gishiri Baba, ni ta ƙi ce mini komai. A cikin riguna takwas ta ƙarshe kaɗai ta shige ta, ita ma da ƙyar. Wannan ya fi dariyar tasha yi mini ciwo.

A rana ta uku ina alwala ta hangi dantsena da ya kumbura. Ta matso, ta ɗaga hannun rigarta ta nuna mini nata tabon. Ramatu ta ce masu pistole sun zo ƙauyen, kuma ko uffan yarinyar ba ta ce ba. Ummi ta taɓa kumburin da ɗan yatsa ta ce, "Ka yi kuka?"

Na dubi Ramatu, na dubi Inna. Na ce, "Na yi."

Ta hura mini iska a wurin, ta ce, "Yi shiru, Baba."

Tun daga ranar na sallama cewa ƙarya ba sana'ata ba ce, na cika yi mata kalmasa. Gaskiya guda da na faɗa a kunyace, ita ta sa ɗiyata ta ce mini Baba.