Jar Motar Maigida da Jakunan da Na Sa Aka Mayar

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka mayar da ni ɗakina bayan wankan fari. Ko na so in manta ma, matan ƙauyenmu ba za su bari ba.

Shekarar da aka ɗaga tutarmu ce, Turawa na ta ɗaure kaya. Maigidana yana sayen gyaɗa a Cadawa yana kai wa wani kamfani a Maraɗi. Ni kuwa ina gidan iyayena, wani ɗan ƙauye tsakanin Agye da Gazawa, ina wankan jego: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa har ya fita raina. Arba'in ta kusa sai ga saƙo ta bakin wani mai tallan gishiri, wai maigida ya sayi mota hannun Baturen kamfani da zai koma ƙasarsu, kuma da ita zai zo ɗaukata.

Ni dai mota iri biyu na sani a duniya, kamiyon gyaɗa da motar kumandan wadda jandarmomi ke cika bayanta. Ɗan zaman da na yi a lakol, makarantar boko, ba a kai ga koya mana akwai wata iri ba. Saboda haka na tashi na samu Inna, wadda ta riga ta aro jakuna don kayan gara, na ce, "Inna, a mayar wa mutane da jakunansu. Mu da mota."

Gwaggo Hadiza, yayar babana, tana gefe tana kaɗi. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ɗiyar nan, kin gan ta da idonki?"

"Gwaggo, mota ai mota ce."

Aka mayar da jakuna. Ban tsaya nan ba (bakina ba ya tsayawa inda ya kamata). Duk wadda ta shigo barka sai in ce, "Ki shirya, da ke za a yi rakiya, wuri na nan."

Sai na faɗi wani abu kafin a gane irin kunyar da na sha. A wajenmu uwa ba ta nuna ta san ɗan farinta. Ba ta rungumarsa gaban manya, ba ta kiran sunansa. Nawa kuma an yi masa suna da sunan surukina, kunya kan kunya. "Yaron nan" nake cewa. In ya yi kuka sai in kalli bango har wani ya ce, "Ke, ba shi nono mana." Gwaggo har yabona take gaban baƙi: "Ku ga ɗiya mai kunya, kamar ba ita ta haife shi ba." Ba ta san cewa da ta juya baya nake sa yatsa ƙarƙashin hancinsa in ji ko yana numfashi ba. In ya yi atishawa sau ɗaya, ni na gama cin abinci a ranar.

Ranar ta zo. Tun hantsi mata sun ci ado sun zauna ƙofar gida. Ga tukwane, ga ƙore, ga sabon turmi da taɓarya, damin gero, ƙwaryar man shanu, kaji an ɗaure musu ƙafa. Can muka ji wani ruri daga yamma, awaki suka watse, sai ga wani jan abu ya shigo yana jan ciki a rairayi kamar damo. Gajere ne, ko ƙugun mutum bai kai sosai ba. Hanci dogo, baya babu.

Maigida ya fito daga ƙofa ɗaya da baƙin tabarau (wannan ma na Baturen ne). Ya zagaya ya jawo mahaifinsa daga ɗaya ƙofar, tsohon ya miƙe da ƙyar, rawaninsa ya karkace. Ya zo ne gaida babana.

Gwaggo ta zagaye motar a hankali, ta leƙa ciki, ta leƙa ƙasa.

"Yaro, sannu da hanya. Ina sauran?"

"Sauran mi, Gwaggo?"

"Sauran motar."

"Ai ke nan duka. Ta zamani ce, kujera biyu gare ta. Ba ta da na biyu wajen gudu."

"To, turmi ya iya gudu?"

Duk matan suka juyo suka dube ni. Wata ta ce, "Wuri na nan, in ji amarya." Na sunkuyar da kai ina jin kamar an sake zuba mini ruwan wankan. Inna ta aika a sake roƙo jakuna, mai su ya ce sun tafi kasuwa, sai dai a jira azahar.

Da abin ya tsaya nan, da na ce na sha da sauƙi.

Maza suka shawarta a zaure. Surukina ya ce shi kam ya rantse ba zai sake naɗe ƙafafunsa cikin wannan gwangwani ba, a ba shi aron doki. Saura kujera ɗaya. Ni ba zan zauna kafaɗa da kafaɗa da miji gaban babana ba, balle da ɗan fari a cinya. Sai aka yanke cewa Gwaggo ta shiga da jariri don kada rana ta buge shi, ni in biyo tare da mata a bisa jaki.

Na miƙa shi ina kallon bango, yadda na saba. Gwaggo ta shiga da baya, gwiwoyinta suka kai haɓa, tana salati. Sai na lura da maigida ya kama wannan sandar tuƙin da ake turawa, yana kallonta kamar yau suka fara gaisawa. Na lura kuma gefen motar akwai sabon karce da ƙaya a maƙale. (Daga baya na ji cewa a makon nan ya koyi tuƙin, kuma a hanyar zuwa sun shiga shingen wata gona.)

Ya tayar. Motar ta yi ruri, maimakon gaba sai ta zabura da baya ta ture danga. Kaji suka yi kururuwa. Ta sake zabura gaba ta nufi rijiya. Na ji kukan yaron daga ciki.

Ban san lokacin da na zubar da kunyar duka ba. Kallabi ya faɗi, takalmi ɗaya ya tsaya a baya, ina gudu ina ihu. Zan rubuta sau ɗaya, Allah Ya yafe mini:

"Isuhu! Wayyo Isuhuna! Ku tsaya ku ba ni ɗana!"

Gaban babana. Gaban Inna. Gaban mai sunan, yana tsaye da rawani a karkace.

Motar ba ta ma je ko'ina ba, rairayi ya riƙe ta kafin rijiya, tana ta haƙa wa kanta rami. Na fizge ƙofa na ƙwace yaron na rungume shi ina shafa kansa ina kuka. Sai da na ɗago na ga kowa ni yake kallo.

Surukina ya yi gyaran murya. "Lafiya lau nake, ɗiyata. Na gode da kulawa."

Dariya ta fashe har daga bayan danga. Gwaggo ta miƙo hannu a fito da ita, tana cewa, "Ashe dai kin san shi. Ni da nake yabon bango!"

Da la'asar muka kama hanya a bisa jakunan da na raina, yaro a bayana, kowa sai murmushi yake. Samari suka turo motar har bakin babbar hanya.

Tana nan har yau. Ba ta ɗaukar buhun gyaɗa, ba ta zuwa gona, da damina ba ta fita ƙofar gida, kuma in za mu suna sai ya kai ni ya dawo ya ɗauki kwanon tuwo. Surukina kuwa, duk sanda na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Yau ba a nemana?"

Abin da na koya shi ne, in an ce maka an sayi mota, tambayi kujera nawa kafin ka sallami jaki. Kuma in ka san kana son ɗanka haka, kada ka bari a riƙa yabon kunyarka gaban baƙi.