Tsinken Tsire a Kan Gilashin Gem

Abokina Chinedu na Sabon Gari ya ara mini 'yar na'urar gem ɗinsa, tsarabar yayansa, wadda ake zana wa jarumi hanya a gilashi da alƙalamin roba. Kafin adaidaita ta kai ni Fagge, alƙalamin ya ɓace. Na ce ai mu manya ba ma rasa dabara. Na lashe tsinken tsiren da na ci tas, na yi ta zane har jarumina ya fita daga kogo.

Washegari Chinedu ya daɗe yana duban gilashin. Hanyar kogon na nan a karce, ga ƙamshin yaji.

Ya yafe, amma har yau in na shiga layinsu, mamarsa kan ce, "Mai tsire, akwai na hanta?"