Gawayin Dutsen Guga

Shekarar da lantarki ya shigo Kumasi, ina wanki da guga a gidan wani Bature, ba ni da kowa a Zongo sai tabarmata. Rannan sabon dutsen gugansa mai waya ya yi hayaƙi, ya cinye masa riga. Na gyara tsayuwa kamar likita, na ce, "Maigida, gawayin ciki ne ya yi yawa."

A gaban kuku na ɓalle shi da wuƙa, na yi ta zazzagawa, ko toka babu. Ashe wayar ce ta lalace. Aka sallame ni.

Mutanen da ba su taɓa tambayar sunana ba, har yau in na wuce sai su ce, "Malam, an samu gawayin?"